Maleƙin da ake maƙala wa allon kyamara: yana biyan buƙata kuwa?

Sabon Hannu

Assalamu alaikum masana. Ina neman shawararku a kan abin nan mai kama da mazurari da ake kifawa a kan allon bayan kyamara, mai gilashin ƙara girma a bakinsa, wanda mutum ke sa ido ɗaya ya leƙa. Kyamarar Canon 600D ce, allonta inci 3 mai juyawa, lensin kuma 50mm f/1.8. Matsalolin biyu ne. In ana ɗaukar bidiyo da tsakar rana allon ba ya nuna komai sai fuskar mai ɗauka. Sannan a kan kyamara hoto zai yi kamar ya fito tar, amma da an sa shi a kwamfuta sai a tarar fokas ya sauka a kunne ko a bangon da ke baya. Maleƙin zai magance duka biyun? Wanne ya fi, mai ninki 2.5 ko mai ninki 3? Mai gam ko mai ɗauri ta ƙasa?

Tsohon Mai Hoto

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Matsalar farko zai kashe maka ita ƙurmus. Ta biyun kuwa rabi zai yi maka, sauran rabin yana hannunka.

Ka fara sanin abin da ya sa aka ƙera shi. Kyamara irin taka tana da madubi a ciki, shi ke tura haske zuwa maleƙin da ke samanta. Da ka shiga bidiyo sai madubin ya ɗage sama don haske ya isa sensa, wato ɓangaren da ke ɗaukar hoton, maleƙin na sama ya yi baƙi ƙirin, ba abin da ya rage maka sai allon baya. Tun da Nikon D90 da Canon 5D Mark II suka fito da bidiyo a 2008 masu ɗauka suka shiga wannan hali, shi ya sa irin su Z-Finder na Zacuto da HoodLoupe na Hoodman da LCDVF suka samu kasuwa. Aikinsa uku ne, kuma kowanne zaman kansa yake yi.

Na farko inuwa. Allon kyamara ba ya iya jayayya da hasken rana, ko ka ƙure masa haske. Abin da ke kashe shi ba ƙarancin haskensa kaɗai ba ne, hasken waje ne ke faɗawa kan gilashinsa ya dawo idonka, sai baƙi ya koma toka-toka, bambancin duhu da haske ya ɓace. Maleƙin ya rufe allon ta ko'ina, robar bakinsa ta rufe idonka, sai ka ga allon kamar kana cikin ɗaki mai duhu.

Na biyu, kuma shi mutane suka fi rainawa, shi ne yana ba ido damar matsowa kusa. Idon mai lafiya ba ya ganin abu da kyau in ya matso ƙasa da kamar santimita 25 ba tare da ya takura ba, wanda ya haura shekara 40 kuma sai ya ƙara nesanta abin. Gilashin maleƙi yana sa allon da ke santimita 8 zuwa 10 daga idonka ya zama kamar wani babban allo ne a can nesa, ido ya saki jiki. Lissafin ninkin ma daga nan ya fito: ka raba santimita 25 da nisan fokas na gilashin. Mai nisan santimita 10 zai ba ka ninki 2.5, mai nisan 8 da ɗoriya zai ba ka ninki 3. Shi ya sa duk waɗanda za ka gani kusan tsawonsu ɗaya.

Na uku tokari. In kana kallon allo da ido tsirara dole ka miƙa hannu gaba, kyamara ta rataya a iska a kan hannu biyu. Da maleƙi kuwa kyamarar tana jingine da ƙashin girarka, gwiwoyin hannunka suna manne da haƙarƙari, wuri uku ke nan ke riƙe da ita. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a wajenka, domin sensar 600D ƙarama ce, tana sa 50mm ya yi kallo irin na 80mm, kuma wannan lensin ba shi da na'urar hana rawa. Duk motsin hannu sai ya fito.

Batun ninki, ni 2.5 zan zaɓa maka. Mai ninki 3 yana cika ido har sai ka riƙa juya ƙwayar idonka kafin ka ga kusurwoyi, mai ɗaukar bidiyo kuwa yana buƙatar ganin firam ɗinsa duka a kallo ɗaya, don a gefe ne abin da ba a so yake shigowa. Ka kuma dubi irin gilashin. Masu araha gilashin roba guda ɗaya ne, tsakiya ta fito da kyau amma gefe ya lanƙwashe, ka ga shuɗi da ja suna bin bakin abubuwa. Masu kyau gilashi biyu ko fiye aka haɗa don gyara wannan. In za ka gwada, ka nuna layukan raba allo na kyamarar, ka leƙa: in layukan gefe sun miƙe kuma rubutun kusurwa yana karantuwa ba tare da ka motsa kai ba, gilashin ya yi.

Kada ka sayi wanda ba shi da zoben dayofta, wato wanda ake murzawa a daidaita shi da ƙarfin idon mutum.

Mai Gyaran Kyamara

Baba ya gama bayanin amfani, ni kuma bari in yi magana a kan ɓarna, don a wajen ɗaurawa da ajiyewa ne ake lalata kyamarori.

Abu mafi muhimmanci: gilashin da ke ƙara maka girman allo shi ne dai gilashin da ke tara hasken rana a wuri ɗaya. Allonka yana zaune daidai inda gilashin yake tara haske, haka aka tsara shi. To in ka sauke kyamara daga ido, lensi ya kalli ƙasa, maleƙi ya kalli sama, rana ta shiga ta bakinsa, cikin ƴan daƙiƙu za ta ƙona allon. Tabon yakan fito rawaya-rawaya ko fari, wani lokaci ɗige-ɗige a jere saboda kyamarar ta motsa, kuma ba ya gogewa, sai dai a sauya allon gaba ɗaya. An fi yin wannan ɓarna a lokacin da kyamara take rataye a wuya ko a kafaɗa, domin nauyin lensi yana janyo gabanta ƙasa. Saboda haka da ka cire ido, ko ka rufe bakin maleƙin da murfinsa, ko ka cire shi daga kyamarar. In bai zo da murfi ba ka ɗaura masa ɗan ƙyalle mai duhu da zai riƙa faɗowa kansa. Haka in kyamarar tana kan ƙafafunta uku ka juya baya kana magana da wani, ka rufe.

Sai ɗauri. Iri uku ne. Akwai mai firam na ƙarfe da ake manna wa kewayen allo da gam, maleƙin ya kama shi da mayen ƙarfe ko ya shiga da ɗan ƙarfi. Akwai mai faranti da ake ɗaurewa a ramin sukurun da ke ƙasan kyamara, wanda ake ɗaura ta a kan ƙafafu da shi, firam ɗin ya miƙe daga farantin ya tsaya a gaban allo. Akwai kuma na rataye a wuya, wanda ake dafawa da hannu. Na ukun na masu hoto ne da ke son duba abin da suka ɗauka a rana, ba na bidiyo ba ne, don zai cinye maka hannu ɗaya.

Tunda allonka mai juyawa ne, mai faranti za ka nema. Ka juyo allon ya kalli waje, ka kwantar da shi a mazauninsa, firam ɗin farantin ya rufa a kansa. Ta haka in ka danna ido a kan maleƙin, nauyin yana tafiya ne kan farantin da gangar jikin kyamara. In ka manna firam a kan allon kansa, abu biyu za su same ka. Allon ba zai ƙara kifuwa ciki don ajiya ba, kaurin firam ɗin zai tokare shi. Sannan duk lokacin da ka fizge maleƙin, hinjin allon ne ke ɗaukar wahalar, a cikinsa kuma siririyar wayar da ke kai hoto take bi. In ta fara yankewa sai allo ya riƙa ɗaukewa yana dawowa gwargwadon yadda ka karkata shi. Wasu kyamarorin ma da ɗan mayen ƙarfe suke gane an juya allo, sai mayen ƙarfen maleƙin ya rikita su, hoto ya kife ko allo ya mutu. Katin ajiya dai ba abin da mayen ƙarfe zai yi masa, kada wannan ya dame ka.

Kafin ka sayi mai faranti ka duba abu uku. Ƙofar batir ɗin 600D a ƙasa take, ka tabbata farantin bai haye kanta ba, in ba haka ba duk sauyin batir sai ka kwance komai, bidiyo kuwa yana shan batir. Ka tabbata farantin yana da nasa ramin sukuru a ƙasa don ka iya ɗora shi a kan ƙafafu. Ka kuma tabbata firam ɗin yana matsawa sama da ƙasa, hagu da dama, domin ramin sukuru ba ya zama daidai tsakiyar allo a kowace kyamara.

Kuma “inci 3” ba girma ɗaya ba ne, awon daga kusurwa zuwa kusurwa ne. Allo mai siffar 3:2 irin naka kusan milimita 63 ne a faɗi, 42 a tsayi. Mai siffar 4:3 kuwa 61 ne da 46, mai 16:9 kuma 66 da 37. In ka sa firam na 4:3 a kan naka zai ɗan cinye gefen hagu da dama, ya bar fili sama da ƙasa. Ka sa ma'auni ka auna wurin da ke haske a allon, ka kwatanta da cikin firam ɗin.

Ga masu allon da ba ya juyawa da za su yi amfani da gam: ku goge kewayen allon da ɗan sifirit a ƙyalle, ku bari ya bushe sarai. Ku kunna allon da hoto mai haske don ku ga iyakarsa, ku daidaita firam ɗin kafin ku ɓare takardar gam. Ku danna shi ko'ina na kamar minti ɗaya, ku ɗora masa ɗan nauyi, kada ku rataya masa maleƙi sai bayan awa 24. Gaggawar nan ce ke sa firam ya ɓalle a rana ta farko, musamman in zafi ya tausasa gam ɗin. In akwai gilashin kariya a kan allon, ku sani cewa riƙon firam ɗin ba zai wuce riƙon gilashin kariyar ba.

Mai Tace Bidiyo

Ina tare da Baba a kan inuwa da tokari, amma batun fokas ina ganin ko rabin nan da ya ce an yi wa maleƙi alfarma. Ƙanena, gara ka ji wannan tun kafin ka saya.

Allonka an rubuta yana da ɗigo 1,040,000. Adadin yana da ruɗi, domin ja da kore da shuɗi kowanne an ƙirga shi daban. In ka raba uku za ka samu fiksel 720 a kwance, 480 a tsaye. Bidiyonka kuwa 1920 ne a kwance, 1080 a tsaye. Ke nan kowane fiksel ɗaya na allon yana wakiltar fiye da biyu da rabi na bidiyon a kwance. Duk hoton da aka matse haka sai ya yi kaifi, ko da asalinsa ya ɗan dushe. Abin da ya sa ke nan kake ganinsa tar a kyamara, kwamfuta kuma ta tona asiri. Maleƙi ba ya ƙara fiksel ko ɗaya, waɗanda ke nan yake kumburawa. Zai sa ka ga duk abin da allon yake da shi, amma abin da allon bai nuna ba, ba inda zai samo maka shi.

Ka haɗa wannan da lensinka. A f/1.8, wato lensin a buɗe har ƙarshe, mutum yana nisan mita 2, zurfin wurin da ke fitowa da kaifi bai fi kamar santimita 11 ba. Mutum ya ɗan sunkuyo yana magana ya riga ya fita. A f/4 zurfin ya kai kusan santimita 24, a f/5.6 ya haura 30. Don haka maganin farko ba sayen komai ba ne, ka rage buɗin lensin zuwa f/4, bayan mutum zai ci gaba da narkewa daidai gwargwado.

Ga yadda za ka yi aiki da maleƙin ya amfane ka. Da farko ka saita dayofta, kuma a kan rubutun menu za ka saita, ba a kan hoton da lensi ke kawowa ba, don kada dushewar lensi ta ruɗe ka. Ka murza zoben har sai ka fara ganin ƙwayoyin allon kansu kamar saƙar gidan sauro, nan ne daidai. Ka sa ɗan salatif ka danne zoben don kada ya goce. Sai ka mayar da lensin kan fokas na hannu. Kafin ka danna ɗauka, ka kai ɗan akwatin fokas da ke kan allo kan idon mutum, ka danna maɓallin ƙara girma sau biyu ya kai ninki 10, ka murza fokas har gashin ido ya rarrabe. Kada ka tsaya a inda ya fara kyau: ka wuce shi kaɗan har ya soma dushewa, ka dawo, sannan ka tsaya a tsakiya. Wannan ƙara girman na cikin kyamara shi ne na gaskiya, don daga sensa yake ɗebo ƙarin bayani. Da ka fara ɗauka kuma ba ya aiki, daga nan sai maleƙi da sabawar hannu. In mutumin zai matsa daga wuri zuwa wuri, ka yi alama biyu a zoben lensin tun kafin a fara.

Akwai wani tarko kuma. Cikin duhun maleƙi allo yana ƙara haske a ido, sai ka ɗauka hoton ya yi yawan haske ka rage, a wajen tacewa a tarar fuskoki sun yi duhu, in an ɗaga su kuma sai ƙura ta tashi a inuwa. Wanda ya saba ƙure hasken allo saboda rana, ya mayar da shi tsakiya ko ƙasa da haka da zarar ya ɗaura maleƙi. Kuma ya yi hukunci da ma'aunin hasken kyamara, ya ɗauki hoton gwaji ya duba histogiram ɗinsa, wato jadawalin da ke nuna yawan haske da duhu a hoton, kada ya yarda da ido kawai.

Tunda a rana kake aiki: in kana ɗaukar firam 25 a daƙiƙa, shata (tsawon lokacin da haske ke shiga) 1/50, ISO (ƙarfin jin hasken sensa) 100, tsakar rana za ta tura ka wajen f/22. In kana son f/4 sai ka sa gilashin rage haske mai cin mataki 5, wanda ake rubuta wa ND32. In ba shi, ɗaga shata za ka yi ta yi, motsi ya riƙa fitowa a tsittsinke.

Sabon Hannu

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. Yaya, in haka ne ashe ba gara ƙaramar monita da ake ɗorawa a sama ba? Sannan mai sa tabarau fa, cirewa zai yi?

Mai Tace Bidiyo

A kan wata kyamarar da na ce maka e, a kan wannan a'a. Da ka soka wayar HDMI, wadda ke kai hoto monita, a 600D allon bayanta zai mutu, kuma da ka danna ɗauka hoton da take turawa waje yana faɗuwa zuwa layi 480. Ka ga ka ɗauki nauyin monita da batirinta da waya, amma a daidai lokacin da kake buƙatar kaifi ba ka samu fiye da abin da allonka ke ba ka ba. Ita ma monitar in ba mai tsananin haske ba ce, wajen nit 1000 zuwa sama a ma'aunin hasken allo, sai ka yi mata rumfa a rana. Kuma ba ta ba ka tokarin ido, ƙara wa kyamara nauyi a ka take yi. Inda ta fi maleƙi shi ne in kyamara tana kan ƙafafu, ko a ƙasa sosai, ko sama da kai, ko in mutum biyu za su kalla tare. Maleƙi na mai ɗauka a hannu ne, a tsayin idonsa, shi kaɗai. Ka kuma tuna yana toshe maka ganin gefe ɗaya, don haka in kana tafiya kana ɗauka ka bar ɗayan idon a buɗe.

Tsohon Mai Hoto

Batun tabarau ya danganta da lalurar idon. In rashin ganin nesa ne ko na kusa kawai, kuma ƙarfinsa bai wuce iyakar zoben dayoftan ba, a cire tabarau a murza zobe ya fi, don robar za ta zauna a fuska sosai haske ba zai sato ta gefe ba. Ka duba lambar da ke takardar gwajin idonka ka kwatanta da iyakar da aka rubuta wa maleƙin, don wasu ba su wuce 2 ko 3 ba ta kowane ɓangare. In kuwa akwai astigmatizim, wato a takardar an cike gurbin silinda, zoben ba ya gyara wannan, dole a leƙa da tabarau. A nan sai a nemi mai faffaɗar roba mai laushi, kuma mai ninki 2.5, domin tabarau yana nesanta ido daga gilashin, kusurwoyi su fara ɓuya. Ka duba ma ko robar tana juyawa, don masu leƙe da idon hagu.

Masu karanta wannan da kyamara marar madubi, in tana da maleƙin lantarki a jikinta ba ku da buƙatar wannan. Mai ɗigo miliyan 2.36 ma fiksel 1024 ne da 768, ya riga ya fi allon baya, kuma yana aiki ana cikin ɗauka. Maleƙin allo na masu DSLR ne, wato kyamara mai madubi, da ƙananan kyamarorin da aka yi su ba maleƙi sam, irin Sigma fp, wadda kamfanin da kansa ya yi mata nata mai ninki 2.5. Wanda duk da haka zai ɗaura shi a kan marar madubi, ya shiga menu ya tsayar da hoto a kan allo kaɗai, in ba haka ba na'urar da ke gane kusantowar ido za ta ga goshinsa ta kashe allon. In allon na taɓawa ne kuma, ya mayar da abubuwan da yake yawan sauyawa kan maɓallai, ko ya nemi maleƙi mai hinji da ake ɗagawa sama.

Mai Gyaran Kyamara

Sauran abu ɗaya da zai ba ka mamaki ranar farko: gilashin yana yin raɓa. Ɗumin ido da gumin fuska suna taruwa cikin robar, in gilashin ya fi fuskarka sanyi sai ya yi hazo, ka ɗauka fokas ne ya gudu. An fi ganin haka in an fito da kaya daga ɗaki ko mota mai na'urar sanyaya wuri. Ka bar kyamarar da maleƙin a cikin jaka a rufe na minti 15 zuwa 20 su ɗauki ɗumin waje kafin ka buɗe. Tsakanin ɗauka da ɗauka ka riƙa janye ido iska ta shiga, tafin hannunka yana kare bakin daga rana. Wasu suna zuwa da faifan hana raɓa da ake sawa a kan gilashin, shi ba a goge shi da ƙyalle don gogewa na cire abin da aka shafa masa, hura masa iska ake yi da ɗan famfon roba. Cikin mazurarin ma ka riƙa hure shi kafin ka ɗaura, domin ƙwayar ƙura ɗaya a kan allo ninki biyu da rabi za ka gan ta.